Baƙon da ya zo da ɗakinsa: wa ke ɗaukar nauyinsa a ƙauyukan Birtaniya?

Daga hutun Ista zuwa ƙarshen Satumba, duk wanda ya bi babbar hanyar M5, wadda ta gangara daga Birmingham zuwa Exeter, zai yi ta wuce wasu fararen akwatuna masu taga da labule. Kowanne yana maƙale a bayan ƙaramar mota, suna bin layin hagu a hankali. Su ne ɗakunan tafi-da-gidanka da ake kira karaban. A ciki akwai gado da murhun gas da ɗan firji da matsattsen makewayi. Masu ƙera su na ƙiyasta cewa akwai fiye da rabin miliyan a ƙasar, ban da motoci masu ɗaki a jikinsu, waɗanda su ma sun haura 200,000. Doka ta hana mai jan karaban wuce gudun mil 60 a sa'a a manyan hanyoyi, ko mil 50 a hanyar da ba a raba tsakiyarta ba, kuma ba shi da damar shiga layin dama na ƙarshe inda hanya ke da layi uku.

Abin da ke jan mutane zuwa wannan harka a fili yake. Ba ruwanka da otal, ba ruwanka da layin filin jirgi. Bargonka ne, tukunyarka ce, in wuri bai yi maka ba ka ɗaura ka ƙara gaba. Ga iyali mai yara uku ko tsofaffi masu cin fansho, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma karaban ba ta iya riƙe kanta fiye da kwana biyu ko uku. Bayan nan tilas ta nemi famfon wani, da wutar wani, da ramin wani. Kusan duk rigimar da ake yi tsakanin masu yawon hutu da mutanen karkara a Birtaniya daga nan take tasowa, kuma sai an kalli abin kusa-kusa ake gane ta.

Mutum ya iso zango da la'asar. Mai kula da wuri ya nuna masa gurbinsa, ya ja da baya har kusurwar karaban ta daidaita da turken da aka kafa, domin ƙa'ida ita ce a bar mita 6 tsakanin ɗaki da ɗaki saboda gobara. Ya kwance ta daga ƙugiyar mota, ya sauke ƙafafunta huɗu, ya warware doguwar waya mai shuɗin kai ya jona a jikin sandar lantarki. Daga nan ya ja wata ganga mai cin lita 40, wadda ake gangarawa a ƙasa da mariƙi, ya nufi famfo. Lita 40 ɗin nan ita ce ta sha da girki da wanke kwanuka da kurkure baki, alhali a gida mutum ɗaya a Ingila kan kashe kusan lita 140 a yini. Don haka gangar ba ta kwana ba a sake cika ta ba. Ruwan wanke-wanke yana taruwa a wata ganga daban a ƙarƙashin ɗakin. Bahaya kuwa tana sauka ne cikin wani akwatin roba da bai kai lita 20 ba, wanda ake zarowa ta wata 'yar ƙofa daga waje, a kai shi ramin da aka keɓe, a juye, a ɗauraye. Iyali mai mutum huɗu ba sa wuce kwana biyu ba su yi wannan aiki ba.

Akwai wani abu game da akwatin nan da baƙo da yawa ba su sani ba. Ana zuba masa sinadari don kashe wari, kuma wasu nau'o'in shuɗin sinadarin suna kashe ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta a cikin tankin masai. Gidaje da yawa a karkara ba su haɗe da magudanar gari ba, tanki suke da shi a bayan gida. Baƙo ɗaya ya juye akwatinsa inda bai dace ba, ya lalata wa manomi tanki, shi kuwa ya riga ya yi nisa. Shi ya sa ƙananan zanguna da dama ke rubutawa a bakin ƙofa cewa koren sinadari kaɗai suka yarda da shi.

Wuta ma lissafi gare ta. Sandar da ake jonawa kan ba da wuta mai ƙarfin amfiya 16, wato kilowat 3.6 ko kusa da haka. Butar dafa ruwa irin ta gida ita kaɗai tana jan kilowat 3. Idan hita na kunne aka ɗora butar, wuta ta katse, sai an fita cikin sanyi an tayar da ita. A da kuɗin wuta na cikin kuɗin kwana, kowa ya sha yadda ya so. Tun da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabi a 2022, zanguna da yawa suka koma sa mita a kowane gurbi, kuma ƙa'idar Ofgem, hukumar da ke sa ido kan harkar makamashi, ta hana mai zango sayar da wutar fiye da yadda ya saya. Ni a ganina wannan gyara ne mai kyau, domin babu dalilin da tsohuwa mai kunna fitila da rediyo za ta riƙa biya wa wanda ya bar hita a rumfa dare da rana.

Harkar ta faro ne a hannun masu hali. A 1885 wani likitan sojan ruwa mai ritaya, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki na katako a Bristol, dawaki biyu na ja, ya tashi daga Berkshire har Inverness da baransa da mai kora masa dawaki da karensa. A 1907 aka kafa ƙungiyar Caravan Club, wadda tun 2017 ake kira Caravan and Motorhome Club. Takwararta Camping and Caravanning Club ta girme ta, asalinta na komawa 1901. Kamfanin Eccles na Birmingham ya fara ƙera masu bin mota a 1919, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu Sam Alper ya fito da samfurin Sprite mai araha, har ma'aikacin masana'anta ya iya saye. Nan fa gaɓar teku ta cika. Filaye suka koma zango ba famfo ba masai, kuma saboda ƙarancin gidaje dubban iyalai suka tare a ciki dindindin.

Wannan ne ya haifi dokar 1960 kan zangunan karaban, wadda har yau ita ce ginshiƙin tsarin. Ta ce duk mai son buɗe zango sai ya sami izinin tsara gari da lasisi daga ƙaramar hukuma, ita kuma ta gindaya masa sharuɗɗan tazara da ruwa da makewayi da kayan kashe gobara. Amma ta bar wata 'yar ƙofa da nake ganin ita ce mafi hikima a cikinta. Ta yarda wasu amintattun ƙungiyoyi su ba mai fili takardar shaida da kansu, ba sai ya je neman lasisi ba, matuƙar ba zai sauki karaban fiye da biyar a lokaci ɗaya ba. 'Yan ƙungiya ne ke sauka, kuma ba a wuce kwana 28 a jere. Caravan and Motorhome Club na da irin waɗannan wurare fiye da 2,000, ɗaya ƙungiyar na da fiye da 1,000. Yawancinsu bayan gidan gona ne, ko gefen lambu, ko filin wata mashayar ƙauye. Abin da ake nema daga mai wuri bai taka kara ya karya ba: famfon ruwan sha, wurin juye akwati, kwandon shara, da mashiga mai aminci.

Me ya sa nake ɗaukar wannan da muhimmanci? Saboda karaban biyar nauyi ne da ƙauye zai iya ɗauka. Ba su cika hanya ba, ba su ƙarar da ruwa ba, kuma kuɗinsu na shiga aljihun manomi kai tsaye, a zamanin da noma kaɗai bai cika riƙe ƙaramar gona ba. Tunda wurin ba shi da kanti ko gidan abinci, baƙo dole ya fita. Zai sayi ƙwai a bakin gona, inda ake ajiye su a akwati da gwangwanin jefa kuɗi ba mai tsaro. Zai je kantin ƙauye neman madara da burodi, ya shiga gidan waya, ya ci abincin dare a gari. Haka zangon fatake ya kasance a hanyar Gwanja: ayari ya sauka a bayan gari, mata suka fito da tuwo da fura, masu ciyawa suka kawo wa jakuna, gari ya ci riba domin baƙon bai zo da komai nasa cikakke ba.

Babban zango lamarinsa daban. Wasu na da gurbi ɗaruruwa, da kantinsu, da gidan abincinsu, da wurin ninƙaya, da injin wanki, da filin wasan yara. Suna ɗaukar ma'aikata, suna biyan haraji, wannan gaskiya ne. Wani rahoto da haɗakar ƙungiyoyin wannan harka ta fitar a 2019 ya ce baƙin zanguna da wuraren hutu na kashe fam biliyan 9.3 a shekara, abin da ke riƙe da ayyuka fiye da 170,000. Sai dai a tuna masu harkar ne suka sa aka yi lissafin, kuma ya haɗa har da ɗakunan da aka girke wuri ɗaya ba sa motsi. Lissafin ƙasa baki ɗaya ba ya gaya maka ko mai kantin da ke mil ɗaya daga ƙofar zango ya ga kwabo. Idan an tsara wuri yadda baƙo zai yi mako bai fita ba, kuɗin na zagayawa ne a cikin shinge, ribar kuma sau da yawa ta tafi ga kamfanin da hedkwatarsa ke wani birni. Ƙorafin da za ka ji a bakin mutanen Cornwall da arewacin Wales ke nan: sun cika firji daga babban kanti kafin su baro gida, abin da suka bar mana cunkoso ne da shara.

Ƙorafin na da ƙamshin gaskiya, amma yana haɗa mutum biyu da ba halinsu ɗaya ba. Mai karaban yana kwance ɗakinsa ya bar shi a zango, motarsa ta zama sake. Yakan yi mako a wuri guda, yana zaga kasuwanni da gidajen tarihi na yankin, har mai sayar da nama ya san fuskarsa. Ba ya iya kwana a bakin hanya cikin sauƙi, saboda haka kusan kullum yana biyan kuɗin kwana. Mai mota mai ɗaki kuwa tankin ruwansa da batirinsa na jikin motar, yana iya tsayawa ko'ina, gobe ya wuce. Ba laifi ba ne, amma buƙatarsa daban ce, kuma dokar 1960 ba ta yi wa mai tsayawa a wajen zango tanadi ba.

Inda wannan giɓi ya fi fitowa shi ne arewacin Sikotland. A 2015 aka ƙaddamar da hanyar yawon buɗe ido ta North Coast 500, mai tsawon mil 516, wadda ta tashi daga Inverness ta zagaya gaɓar arewa ta dawo. Tallar ta karɓu fiye da yadda aka zata. Amma dogayen sassan hanyar layi ɗaya ne tak, da 'yan wuraren ratsewa da aka yi don mota ta ba 'yar'uwarta hanya. Baƙon da bai sani ba sai ya mai da wurin ratsewa wurin ɗaukar hoto, ko ya ƙi kaucewa, ma'aikaciyar jinya da motar 'yan makaranta su jeru a bayansa. A hawan Bealach na Bà mai zuwa Applecross, wanda ya kai tsayin mita 626, akwai allo ƙarara da ke gargaɗin masu karaban da manyan motoci, duk da haka ana samun masu gwadawa. Da annobar korona ta rufe tafiya waje a 2020 da 2021, sababbin shiga suka yi yawa, da motocin haya waɗanda direbobinsu ba su taɓa tuƙa abu mai wannan faɗi ba. Mazauna suka fara tsintar ƙazanta a magudanan ruwa da bayan duwatsu.

Da yawa sun ɗauka dokar Sikotland ta 2003, wadda ta ba jama'a 'yancin ratsa filaye da kafa tanti a daji, ta ba su damar kwana ko'ina. Ba ta ba su ba, domin 'yancin bai shafi abin hawa mai inji ba. Amma ko da kowa ya san doka, tambayar na nan: mutumin da akwatinsa ya cika, wurin juyewa mafi kusa kuma yana da nisan mil da yawa, ina zai kai shi? Ba na wanke wanda ya zubar a rafi, abin ƙyama ne. Sai dai wanda ya gayyato dubban baƙi bai gina musu rami ba shi ma yana da kaso a laifin. A 2024 ƙaramar hukumar Highland ta fito da takardar fam 40 ta kwana bakwai, ta ganin dama, mai ba mota damar kwana a wasu wuraren ajiye motoci na hukuma. Masu saye ba su yi yawa ba, masu zango kuma suka yi ca, suna cewa su an ɗora musu lasisi da tazarar mita 6 da inshora, ga hukuma na gasa da su ba tare da waɗannan sharuɗɗa ba. Su ma suna da hujja.

Faransa ta bi wata hanya tun da daɗewa. Ban da zanguna fiye da 7,000 da take da su, wasunsu mallakar ƙananan hukumomi, garuruwa da yawa sun ware wa motoci masu ɗaki ɗan fili kusa da tsakiyar gari, da famfo da ramin juyewa, kyauta ko da 'yan yuro kaɗan. Magajin gari ya yi lissafi ne: wanda ya kwana kusa da gidan burodi zai sayi burodi da safe. Jamus ma na da irin wannan. Birtaniya ta makara, kuma inda aka fara yi, sau da yawa ƙungiyoyin al'ummar ƙauye ne suka nemo tallafi suka gina da kansu.

Yanzu magana ta koma kan harajin baƙi. Sikotland ta yi dokarsa a 2024, Edinburgh ta tsayar da kashi 5 cikin 100 na kuɗin masauki daga Yulin 2026. Wales ta yi tata a 2025: fam ɗaya da kwabo 30 kan kowane mutum a dare, kwabo 75 ga masu kwana a filin zango, kuma ƙananan hukumomin da suka ga dama za su iya fara karɓa daga 2027. Ina goyon bayan baƙo ya biya wani abu. Yankin Lake District na da mazauna kusan 40,000 amma yana karɓar baƙi wajen miliyan 18 a shekara. A Cornwall an hana ban-ruwa da mesa daga Agustan 2022 har Satumban 2023 saboda madatsun ruwa sun ja baya, a yankin da jama'arsa ke ƙaruwa sosai daidai lokacin da ruwa ya fi ƙaranci. Ba adalci ba ne mazauna su kaɗai su ɗauki kuɗin hanya da shara da makewayin jama'a. Matsalar harajin ita ce a wurin biyan kuɗin masauki ake karɓarsa. Wanda ya shiga zango ya bi ƙa'ida shi zai biya, wanda ya kwana a bakin hanya ya tsira. In ba a yi hattara ba, harajin zai ƙara tura mutane zuwa ga abin da ake kuka da shi.

Akwai kuma batun tuƙi, wanda aka sassauta a Disamban 2021. Saboda ƙarancin direbobin manyan motoci, gwamnati ta soke gwajin jan tirela ga masu ƙananan motoci domin masu gwaji su sami sarari, ta ba mai lasisin mota damar jan abin da ya kai kilo 3,500. Ƙungiyoyin masu karaban ɗin nan biyu na ci gaba da ba sabon shiga shawarar kada nauyin karaban ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motarsa, amma shawara ce, ba doka ba.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Landan ko Manchester masu sha'awar gwadawa, abin da ake kira kayan more rayuwa na kusa da zango ba lallai ya zama naku ba. Littafin zango zai gaya maka nisan mashaya da tashar bas, ba zai gaya maka inda ake sayar da naman halal ba. Gara a taho da shi daga birni, ko a dogara da kifi, wanda a garuruwan gaɓa ba a rasa mai kyau. Masallaci na iya yin nisa, ko da yake akwai a Inverness, kuma tun 2018 akwai a Stornoway da ke tsibirin Lewis. Alwala da tsarki da ruwa na sa ganga ta ƙare da wuri, akwati ya cika da wuri, don haka zango mai ginannen banɗaki ya fi wa iyali sauƙi. A ƙarshen Yuni kuma rana ba ta faɗuwa a can arewa sai bayan ƙarfe 10 na dare, ta fito kafin 4:30, sai a shirya wa Magariba da Isha da Asuba tun daga gida.

Saura mutanen da karaban ba hutu ba ce gare su, gida ce. Romani da Matafiyan Ailan, al'ummomin da rayuwar yawo ita ce gadonsu, sun daɗe suna yawo a hanyoyin Birtaniya kafin likita Stables ya yi tunanin ɗakinsa na katako. Dokar 1960 ɗin nan da ta buɗe wa 'yan ƙungiya gonaki ita ce ta ba hukumomi ikon rufe filayen al'umma da waɗannan mutane suka saba sauka. Dokar 1968 ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar musu da zango, aka yi ta jan ƙafa, sannan a 1994 aka soke wajabcin. A 2022 aka mai da zama a fili ba izini laifin da 'yan sanda za su iya kama mutum a kansa a Ingila da Wales idan zaman na jawo babbar ɓarna ko takura kuma ya ƙi tashi, har su ƙwace abin hawansa, wanda a nan yana nufin ɗakin kwanan 'ya'yansa. Buƙatarsu kuwa ita ce dai ta mai hutu: famfo, wurin juye akwati, kwandon shara, da ƙasa mai tauri. Ƙasar da ta iya samar wa masu hutu dubban wurare ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

An gwada, kuma ya yi aiki. A Leeds, ƙaramar hukuma da ƙungiyar Leeds GATE ta Romani da Matafiya sun ɓullo da tsarin sauka bisa yarjejeniya: a nuna wa iyalai fili na wani ƙayyadadden lokaci, a kawo musu makewayin tafi-da-gidanka da kwandon shara, su kuma su sa hannu kan sharuɗɗan zama, maimakon a yi ta kashe kuɗin kotu ana korar su daga wannan fili zuwa wancan. Wales kuma ta maido wa ƙananan hukumominta wajabcin samar da zango a dokar gidaje ta 2014. Ingila har yanzu ba ta maido ba, kuma ya kamata ta maido.